Ɓarayin Lokaci

A ƙasar nan, in yaro ya zari waya daga aljihun wani a kasuwa, kafin 'yan sanda su iso an fasa masa baki, wani lokacin ma sai dai a ɗauki gawarsa. Amma in mutum guda ya tara jama'a dubu a ɗakin taro tun ƙarfe 10 na safe, shi kuma bai ga damar isowa ba sai ƙarfe 1 na rana, sai mai gabatarwa ya ce kowa ya miƙe tsaye, a ɗauki tafi, maroƙi ya cika wuri da kirari. Ya zauna a kujerar da aka lulluɓe da farin yadi, a miƙa masa abin magana, ya ce a yi haƙuri ayyuka ne suka sha kansa. Wani ko wannan ba ya faɗa. To a yi lissafi: mutum 1,000, kowanne awa 3, awa 3,000 ke nan, wato kwana 125 dare da rana. Fiye da wata huɗu na rayuwar bayin Allah mutum ɗaya ya haɗiye kafin la'asar, aka kuma yi masa godiya da ya samu zuwa.

Wannan sata ce, kuma ta fi satar waya muni, domin waya ana sayen wata. A cikin dubun nan akwai malamar da ta bar aji ba kowa, akwai ɗan kasuwar da ya rufe shago, akwai mai ciwon sukari da ya fito ko karyawa bai yi ba, akwai 'yan makarantar firamare da aka jera a rana tun safe da 'yar tuta a hannu don su yi wa baƙo maraba. Babu wanda ya tambaye su ko suna da abin yi. An ɗauka ba su da shi, don talaka ne, kuma a tunanin manyanmu ranar talaka ba ta da farashi.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan magana shi ne mu ne mutanen da suka fi kowa ƙarancin abin da ake sace mana. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon ran ɗan Najeriya bai wuce shekara 54 da 'yan watanni ba, yana sahun mafi gajarta a duniya baki ɗaya. Na Japan ya kai 84. Na san mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke jan adadin namu ƙasa, na kuma san rai a hannun Allah yake. Amma kowa ya duba unguwarsu ya ƙirga tsofaffin da suka kai 80, sannan ya ƙirga 'yan shekara 40 da 50 da aka kai makwanci bara. Hawan jini, ciwon ƙoda, haɗarin mota, haihuwa, 'yan bindiga. Da a ce akwai al'ummar da ya kamata ta riƙa rowar minti, to mu ne. Sai ga shi mu ne muke barin kowane mai babbar riga ya yi facaka da yininmu.

Kada wani ya zo mini da zancen nan na 'yan boko wai “lokacin Afirka”, wai haka muke, ba mu san agogo ba. Ƙarya ce. Ku zo gidan Bahaushe da azumi ku gani ko akwai mai ƙara minti ɗaya bayan ladan ya kira magariba. Ku ga yadda ake rige-rigen sahur kafin alfijir ya keto. Ɗaurin aure in an ce ƙarfe 11, wanda ya zo 11 da kwata sai dai ya tarar ana shafa fatiha ana rabon goro. Jana'iza ba ta jiran ɗan mamaci da ke hanya daga Legas. Manomi ya san in ruwan shuka ya sauka ya yi sakaci da kwana uku, ya yi asarar damina guda. Shi kansa mai girman da ya shanya mu awa uku, in fadar shugaban ƙasa ta kira shi ƙarfe 9, tun 8 da rabi yana zaune a falon jira yana gyara hula. In yana da ganawa a ofishin jakadancin Ingila ko Amurka don neman biza, ba ya makara. In jirginsa na Dubai ko Jidda zai tashi, ba ya makara. Ashe ya san agogo sarai. Abin da yake yi shi ne auna mutane: wannan lokacinsa yana da daraja, wannan nasa banza ne. Makara a wurinsa hanya ce ta nuna isa, ta tuna maka matsayinka. Duk wanda ya taɓa zama a benci a ƙofar ofishin wani darakta tun safe, masinja yana ce masa “oga yana mitin”, alhali yana jiyo shewa da ƙarar cokali daga ciki, ya san abin da nake nufi.

Da a ɗakin taro abin ya tsaya da sauƙi. Awa uku ne. Akwai inda ake sace shekaru sukutum.

Ɗauki jami'o'in gwamnati. A 2013 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki daga Yuli zuwa Disamba. A 2020 ta yi daga Maris zuwa Disamba, wata tara. An ce korona ce ta rufe ko'ina, to amma da kasuwanni da masallatai da makarantun sakandare suka buɗe, jami'o'i suna garƙame. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif, sai da kotu ta sa baki. Yaron da ya shiga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a 2019 don karatun shekara huɗu, wata 17 aka cire masa daga ƙuruciyarsa a yajin aiki biyu kacal. Tushen rigimar yarjejeniya ce da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu tun 2009, gwamnati bayan gwamnati tana zuwa tana kafa kwamiti a kan kwamiti. Ba na cikin masu zagin malaman jami'a. Wanda ya sa hannu a takarda ya ƙi cikawa shi ne ummul haba'isin abin. Amma a duba yadda aka ƙare. Gwamnati ta riƙe albashin malamai na watannin yajin 2022, aka yi ta ja-in-ja, a 2023 Shugaba Tinubu ya amince a biya wata huɗu daga ciki. Wato kuɗi ana iya riƙe shi, ana iya sakinsa, ana iya cinikinsa a teburi. Ɗalibin fa? Wane kwamiti ne zai zauna ya mayar masa da wata huɗu daga cikin 17 ɗinsa? Kuɗin hayar ɗakin da ubansa ya biya a Samaru ya ƙare ba a kwana a ɗakin ba. Yarinyar da aka ce a bari ta gama karatu, gida suka gaji da jira aka yi mata aure, wata ta koma aji da goyo, wata ba ta koma ba har yau. A cikin watannin nan ne kuma muka riƙa ganin hotunan 'ya'yan masu mulki a Facebook, sanye da rigar kammala karatu a jami'o'in Ingila da Dubai, iyayen sun tsaya a gefe suna murmushi.

Ƙarin cin fuskar yana gaba. Yaron ya gama da ƙyar, ya yi jiran kiran bautar ƙasa, in shekarunsa sun haura 30 a ce ya wuce, ga takardar yafewa. In ya yi, ya fito neman aiki, sai ya tarar bankuna da manyan kamfanoni sun rubuta cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Ƙasar da ta cinye masa shekaru ita ce take ce masa ya tsufa. Daga nan sai ya nufi kotu ya yi rantsuwar rage shekaru, mu kuma mu zauna muna cewa yaran zamani ba su da gaskiya.

Akwai waɗanda nasu ya fi wannan ciwo, sai dai ba su da ƙungiya, ba su da mai magana da yawunsu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya, waɗanda tun 2019 aka sauya wa suna zuwa gidajen gyaran hali, ba a yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a suke. A idon doka ba su da laifi tukuna. Kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi da dama suka yi irin tata, ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum-kullum, in hakan ya gagara kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar, kada tazarar ta wuce kwanakin aiki 14. Je ka zauna a kotun majistare yini guda ka ji abin da ake faɗa. Mai gabatar da ƙara bai zo ba. Fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Motar gidan yari ba mai. Alƙali ya tafi taron ƙara wa juna sani. An ɗage zuwa wata biyu. Mutum ya shafe shekara uku, huɗu, a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a kan tuhumar da ko an same shi da laifi hukuncin bai kai haka ba. Ranar da babban jojin jiha ya kai ziyara ya sallame shi, sai a ɗauki hoto, a ce ya gode wa gwamnati. Ya fito ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, matarsa ta nemi saki, ɗan da ya bari a goye bai san shi ba. Ɗan sandan da ya ɓatar da fayil yana nan, an ma ƙara masa igiya.

Sauran kuwa kowa ya ɗanɗana. Layin mai. Layin lambar NIN da aka ce a Disambar 2020 kowa ya haɗa da layin wayarsa cikin mako biyu, jama'a suka yi ta cunkuso ana tsakiyar annoba, daga baya aka yi ta ƙara wa'adi fiye da shekara. Layin na'urar cirar kuɗi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, da magidanta suka riƙa kwana a ƙofar banki don su karɓi kuɗinsu na halal, har sai da Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Tsofaffin ma'aikata da ake kira “tantancewa” suna faɗuwa a layi. Mai ciki da ke fita awo tun asuba don ta kama lamba, likita ya gan ta minti biyar bayan azahar. Takin gwamnati da ke isowa bayan gero ya fitar da kai. Ba a taɓa sa waɗannan awoyi a kasafin kuɗi ba, saboda haka a takarda babu asarar da aka yi.

Duk wannan da kalma ɗaya ake rufe mana baki: haƙuri. “A yi haƙuri.” “Komai lokaci ne.” “Mai haƙuri yakan dafa dutse.” Haƙuri ibada ce a kan abin da Allah Ya ƙaddara, ciwo ko mutuwa ko fari. Sakacin magatakarda ba ƙaddara ba ce. Girman kan kwamishina ba ƙaddara ba ce. A nan nake da ƙorafi a kan malamanmu, Allah Ya gafarta musu. Sun iya wa'azin lokaci ƙwarai. Za su karanto Suratul Asri su nuna yadda Ubangiji Ya rantse da zamani, su tuna mana cewa ranar hisabi za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da rayuwarsa da ƙuruciyarsa. Gaskiya ne. Amma kusan kullum samari ake fuskanta da wannan wa'azi: ku bar kallon ƙwallo, ku bar zaman banza, ku bar danna waya. Yaushe aka juya aka kalli sahun gaba, inda masu rawani da masu muƙami suke, aka ce musu lokacin mutane haƙƙi ne, kuma su malaman da kansu suka koya mana cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe? Sau nawa aka riƙe rufe tafsiri ko walimar saukar Alƙur'ani, yara da iyaye suna zaune cikin zafi, saboda babban baƙo yana hanya? In za a tambayi saurayi yadda ya kashe darensa, to wanda ya rufe masa jami'a wata takwas shi ma yana da amsar da zai bayar, kuma tasa ta fi nauyi.

Da yawa daga cikin mutanen da muke alfahari da su ba su yi tsawon rai ba, shi ya sa abin ke ƙara ba ni takaici. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958 bai cika shekara 45 ba, ya daɗe yana fama da ciwon huhu, amma ya bar waƙoƙi da tunanin siyasar da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka ɗora a kai. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin ya cika 30 ya gama Magana Jari Ce ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tafawa Ɓalewa yana da 53 aka kashe shi. Sardauna bai kai 60 ba, kuma shekara 11 da 'yan watannin da ya yi yana Firimiya sun isa a kafa jami'a a Zariya a 1962 wadda har yau Arewa ke cin moriyarta. Murtala wata shida da 'yan kwanaki ya yi a mulki, yana da shekara 37. Korar ma'aikatan da ya yi ta haɗa da marasa laifi, wannan ba a ɓoye yake ba, amma a cikin kwanakin nan aka mai da jihohi 19 aka kuma yanke shawarar komawa Abuja. Ka koma baya ka ga Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u: hijira, yaƙi, yunwa, mulki, amma suka bar littattafai ɗaruruwa, da alƙalamin kara da fitilar mai. Su ma awa 24 suke da ita. Yau gwamna yana samun shekara takwas cur, da jiragen sama da kwamfutoci da mataimaka ɗari, ya sauka asibitin da ya aza wa harsashi a shekarar farko ko rufi babu.

Mu ma talakawa mun koyi darasin, muna yi wa juna. Tela ya karɓi ɗinkin salla ya san ba zai gama ba, ya ce “gobe in sha Allahu”, ya sa uba ya yi ta zarya har daren idi, yara suna kuka. Bakanike ya ce awa ɗaya, mota ta kwana uku. Katin biki ya ce ƙarfe 4, amarya ta shigo 8 da rabi don mai kwalliya ba ta gama ba, matan da suka baro yara a gida su koma tsakar dare suna neman adaidaita sahu. Kowa ya samu ɗan iko a kan lokacin wani sai ya gwada. Masinja ma in ya ga ka matsu sai ya ƙara jan ƙafa.

Samarin majalisa kuwa, da ke zama daga la'asar har ƙarfe 12 na dare ana musun Arsenal da Manchester United, ko Kwankwasiyya da Gandujiyya, ko a dunƙule a kan waya ana bin rigimar 'yan TikTok, ba zan ce musu sun kyauta ba. Ba su kyauta ba, kuma su ne za su fi kowa kuka nan da shekara goma. Wanda aka sace wa wata 17 bai kamata ya ƙara wa ɓarawo kyautar wasu 17 daga aljihunsa ba. Na ga waɗanda suka shiga yajin aikin 2022 hannu rabbana suka fito da sana'ar ɗinki, ko gyaran waya, ko haɗa sola, ko haddar izu goma. Amma ba zan yarda a ɗora wa matasa laifin duka ba. Yaron da tun yana firamare aka jera shi a rana yana jiran mai girma, ya ga malaminsa ba ya shiga aji sai ya ga dama, ya ga ubansa ya yi shekara biyar yana bin haƙƙinsa na fansho, wane darasi aka koya masa game da darajar yininsa? An nuna masa tun yana ƙarami cewa lokacinsa ba komai ba ne. Ya yarda. Yanzu kuma muna zaginsa don ya yarda.

Gyaran ba ya buƙatar tallafin Bankin Duniya. Shugaban jami'a ko shugaban ƙungiya da ya kira taro ƙarfe 10 ya buɗe da addu'a ƙarfe 10, ko wane ne bai iso ba. Wanda aka gayyata ya ga an haura rabin awa ba dalili, ya tashi ya tafi, ya kuma faɗi abin da ya sa ya tafi. Ba rashin kunya ba ne. Shugabannin makarantu su daina ba da aron yaran mutane don tarbar 'yan siyasa. Asibitoci su raba wa marasa lafiya awoyi maimakon a tara kowa da asuba, tunda yanzu kusan kowane gida akwai waya. 'Yan jarida, in sun kawo labarin taro, su rubuta lokacin da aka sa da lokacin da mai girma ya iso, kamar yadda suke rubuta adadin buhunan shinkafar da ya raba. Wanda aka tsare fiye da abin da doka ta yarda sannan aka sallame shi ba laifi, a biya shi diyya, a cire daga kasafin hukumar da ta ɓatar da fayil ɗinsa, a kuma san sunan jami'in da ya yi sakacin. Majalisar tarayya kuma, wadda ba ta taɓa makara wajen amincewa da kuɗin motocinta ba, ta hana kamfanoni da hukumomi sa iyakar shekara 26 ko 27 a tallan aikin masu digiri, muddin gwamnati ba za ta iya ba da tabbacin cewa karatun shekara huɗu zai ƙare a shekara huɗu ba.